Tafiyata Badun da Littafin Baffa a Gafaka

Tun ranar da na dawo daga Badun ba a bar ni na huta ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na je ɗaurin aure a tare ni, kowa da tambayarsa: yaya ƙasar take, me suke ci, kamfanin ya karɓi littafin ko bai karɓa ba? Na gaji da ba da labari gutsuri-gutsuri, wani ya ji farko, wani ya ji ƙarshe, su haɗu a gindin dalbejiya su cike tsakiyar da nasu. Don haka na zauna in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, daga fita har dawowa. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Kafin mu hau hanya akwai abu uku da ya kamata a sani.

Na farko, ni kaina. Sunana Isyaku, ni ne malamin yaƙi da jahilci a garinmu, arewa kaɗan da Dawakin Tofa. Bokona a aji bakwai ya tsaya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, rubutun Alƙur'ani ne sana'arsa, a gabansa kuma na koyi riƙe alƙalami. Dokarsa ɗaya ce: ba a sokewa, ba a kankarewa. In hannu ya kuskure ko tawada ta ɗiga, sai a ajiye takardar a ɗauko sabuwa a faro daga sama. Ba ya ɗinke takardu, ba ya sa musu lamba, sai dai a ƙasan kowace ya rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba. Haka na tashi, haka nake kowane irin rubutu, har wasiƙa.

Na biyu, Baffa Audu, ƙanen mahaifina. Kowa ya san gonakinmu na nan: kana tsaye a taka kana jin tarin maƙwabcinka a tasa, babu filin da za a bari ya huta ko da shekara ɗaya. A irin wannan gona Baffa ya ciyar da gida cike da mutane, bai taɓa sayen takin zamani ba. Ya san lokacin da za a tura jakuna birni ɗauko shara, ya san inda za a sa wake a ƙarƙashin dawa, ya san yadda ake karya lagon wuta-wuta. Da tsufansa ya shigo ajina, ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa ya koyi boko, yana bin layi da yatsa. Ni kuma na riƙa zama da shi bayan la'asar ina rubuta abin da yake faɗa a kan noma, har na cika littafin rubutu na 'yan makaranta guda huɗu.

Na uku, kamfani. Wani jami'insu ya zo rangadi yana neman littattafan Hausa na ajin manya, ya ga abin da na tara, ya yaba ƙwarai. Da ya koma Badun aka aiko mini wasiƙa mai tambari: in tsara shi in aiko cikin wata shida, za su buga. Na karanta wa Baffa wasiƙar sau biyu. Ya ce, "To, ashe zan karanta maganata da idona."

Wata shidan nan shi ya zama shekara shida. A nan dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk tsawon lokacin in aka tambaye ni sai in ce, "Ai kun san kamfani da jinkiri." Mutane su yi ta zagin kamfani, ni in yi shiru. Gaskiyar magana, littafin bai taɓa barin ɗakina ba. Na kwafe shi da hannu daga farko har ƙarshe sau huɗu. Da damina in ce sai an gama noma. Da kaka in ce sai an kai amfani gida. Da rani in zauna, in kai takarda ta saba'in, in tuna wata jimla a ta goma da ba ta kwanta mini ba, in sake ta, ita kuma ta ture ta gabanta, sai ga ni na koma farko. Kamfani ya aiko tuni sau uku, sau uku na ba da uzuri. Daga nan suka yi shiru, ni kuwa na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini.

A tsakanin nan rayuwa ta yi tsanani. Kaya suka yi tsada, takin zamani ya gagari talaka, waɗanda suke wa Baffa dariya a da suka dawo suna tsugunawa a gabansa suna tambaya. Shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata safiya a bazarar nan na shiga gaishe shi, ya dube ni ya kira ni da sunan ɗansa. Da na yi magana ya gane ni, sannan ya ce, "Isyaku, mutanen Badun ɗin nan, ko sun san ido yana tsufa?"

Na koma gida na jera takardun, ɗari da goma sha huɗu, na sa su a gafakar Alƙur'anin mahaifina, don ba ni da wata jaka da na yarda da ita. Na sayar da ragon da nake kiwo. Na ce ba zan aika ta gidan waya ba, da hannuna zan kai, in tsaya a kansu har su buga.

Zango na farko, daga gida zuwa Kano, shi ne mafi kusa, shi kuma ya fi cin rai. Na fita ran Litinin bayan asuba, na taka har Dawakin Tofa, na tarar babu mota saboda wahalar mai. Sai hantsi aka sami wata a-kori-kura mai buhunan gyaɗa, muka ɗare sama. A Bacirawa ta yi tari sau biyu ta mutu. Direba ya ɗauki galan ya ce yanzu zai dawo, yanzun tasa ta kai azahar. Ina ta kai-kawo a bakin titi ina duba agogo, sai wani mutum ya fito daga shagon ɗinki da kwali biyu ɗaure da igiya, ya ce, "Malam, tun ɗazu nake kallonka, za ka haƙa mana rami a ƙofar shago. In tasha za ka, kama mini kwali ɗaya mu tari wata motar." Sunansa Ɗanlami, tela ne, zai yi shekara talatin da 'yan kai, bakinsa ba ya hutawa. Da muka isa tasha ya bayyana shi ma Badun za shi.

A tasha mai lodi ya miƙo hannu zai karɓi kayana ya jefa sama. Da ya ga gafaka sai ya janye hannun kamar ya taɓa wuta, ya ce, "Astagfirullah! Malam, riƙe a hannunka." Ya tashi wani daga kujerar taga ya zaunar da ni. Wata tsohuwa a bayana ta ce in sa ta a addu'a, ƙafa ke damunta. Na juya zan gaya musu maganar shara da wake ce a ciki, Ɗanlami ya taka mini ƙafa ya ce a hankali, "Yi mata addu'ar kawai, in ka faɗa ƙwace kujerar za su yi." Na yi mata addu'a, amma duk da haka na faɗa, don ba na son a girmama ni a kan ƙarya. Ba wanda ya yarda. Suka ce tawali'u ne irin na malamai.

Zango na biyu, daga Kano zuwa Kaduna. Muna wuce Kwanar Ɗangora na tambayi Ɗanlami me ke cikin kwalin da na ɗauka har wuyana ya ƙage. Ya ce littattafai. Na ce na wane ne? Ya bugi ƙirji. Ya zaro guda ya ba ni: siriri, takarda irin ta jarida, a bango an zana yarinya hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Labarin soyayya ne da ban dariya. A shafin farko kaɗai na ƙirga kuskure uku, na nuna masa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Wane kamfani ne ya yarda ya buga wannan?"

Ya ce, "Kamfanin Ɗanlami da keken ɗinkinsa. In babu mai awo in rubuta, in na gama in kai wa mai inji a Fagge, sati biyu in ɗauko kayana. Wannan ne na biyar a shekara biyu."

"Kurakuran fa?"

"A gyara a bugu na biyu. Masu karatu ne suke nuna mini, har shago suke biyo ni. Wata ta aiko ƙanenta ya gaya mini na kashe mutum a shafi na ashirin ya dawo yana cin abinci a na arba'in. Kai fa, Malam, naka na nawa ne?"

Na ce na farko ne, na kuma ƙara da abin da na saba faɗa, cewa shekara shida ke nan kamfani yana ja mini rai. Ya dubi fuskata, ya dubi gafakar da ke kan cinyata, ya sake duban fuskata.

Ya ce, "Kamfani yana Badun, littafi yana cinyarka, kuma kamfani ne ke jinkiri? Malam, ni fa tela ne. Duk wani dawo gobe da ke duniya daga bakinmu ya fito. Saura maɓalli, saura guga, zaren bai dace ba, an ɗauke wuta. In na ji uzuri ina gane wanda ya ɗinka shi."

Na ce masa ban saba wasa da wanda na girma ba. Na juya taga, ban sake ce masa uffan ba har Kaduna. Shi ko a jikinsa, ya sayar wa fasinjoji littafi huɗu kafin mu isa.

Zango na uku, daga Kaduna zuwa bakin Kwara. Babu abin faɗa sai jira. Mun kwana a Tegina a rumfar mai shayi, washegari muka yi rabin yini a layin mai, direbobi na faɗa, rana na dukanmu. Na tashi na zauna ya fi sau ashirin. Ni da na yi shekara shida ban damu ba, yanzu sa'a ɗaya ta zame mini kamar wata. Ɗanlami ya sayo soyayyiyar doya ya ajiye mini rabi a gefe. Na ci, muka shirya.

Gadar Jebba a takarda ba iyakar ƙasa ba ce, amma duk wanda ya haye ta ya san ya bar gida. Kafin gadar akwai shinge, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Ma'aikacin da ya zo kaina yana cin soyayyen kifi, hannunsa jawur da manja. Ya nuna gafaka ya ce in buɗe. Na tattaro Turancina na aji bakwai na roƙe shi ya goge hannu tukuna. Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane ne ya ji haushi. Ya zaro takardun gaba ɗaya, yana zaton a ɗinke suke, suka zame masa, iskar kogi ta kwashi uku ta yi gefen titi da su. Fasinjoji suka ɗauki salati, tsohuwar nan ta ɗora hannu a ka. Ɗanlami ya ruga ya cafke biyu, ta ukun ya danne ta da takalmi. Ma'aikacin da ya ga yadda mutane suka yi, sai ya tura mini sauran a hargitse ya ce mu wuce.

Daga nan har Ilori kaina a sunkuye yake, ina bin kalmar ƙasan kowace takarda ina neman 'yar'uwarta. Ɗanlami yana riƙe mini waɗanda na jera. Ya ce, "Dabara ce mai kyau, amma da lamba ka sa da tuni muna barci." Babu wadda ta ɓata. Sai dai biyu sun ɓaci: ɗaya da shaidar babban yatsa na manja, ɗaya da sawun takalmi.

Zango na huɗu, ƙasar Yarabawa. Mun baro gida ƙasa tana tsagewa don zafi, can kuwa har an yi nisa da ruwa, masara ta kai gwiwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daji. Tafiya muke, tafiya muke, ƙasa baƙa mai kyau kwance ƙarƙashin ciyawa ba mai taɓa ta, mu kuwa a gida ana kai ƙara gaban dagaci a kan kunya ɗaya. Gonakinsu ma ba layi, rogo nan, ayaba can, kamar an watsa. Gaisuwarsu ta ba ni mamaki: a Ogbomosho na ga ƙato da kwat da takalmi ya kwanta rub da ciki a gaban wani tsoho, a tasha, cikin taɓo. Mu tsugunawa muke, mu cire takalmi, na ɗauka mun kai maƙura a ladabi. Matansu kuwa su ne kasuwa. Mace ta tsaya a bakin mota tana ciniki da murya kamar faɗa, ka ɗauka yanzu za a doku, sai ka ga an rabu ana dariya.

Mun shiga Badun ran Laraba da la'asar, gari ne ba iyaka, kwanon rufi duk ya yi tsatsa. Muka sauka a Sabo, unguwar Hausawa, a gidan Alhaji Mudi mai saukar fataken goro. Asalinsa mutumin Shanono ne, ya fi shekara talatin a can, amma tambayarsa ta farko ita ce ko an yi ruwan shuka a gida. Ya ba mu ɗaki ɗaya da wasu fatake uku, ga zafi mai danƙo, ga sauro. Ya ce baƙo ba zai zo Badun ya tafi bai ci abincin gari ba, ya sa aka kawo amala. Tuwo ne baƙi na garin doya, da miyar ganye mai yauƙi, da wata jar miya a kai. Loma biyu na yi hawaye ya zubo mini. Alhaji ya ce, "Wannan ai ta yara ce, Malam, ba a sa barkono ba." Tun daga nan na koma wa shayi da burodi.

Yanzu ga abin kunya, zan faɗe shi yadda ya faru. Ran Alhamis da safe, maimakon in nufi kamfani, kasuwa na nufa na sayo takarda da tawada, don in sake biyun da suka ɓaci. Na sake su. Da na sa su cikin sauran sai na ga sabuwar takarda ta fi tsohuwar fari, kuma ta fi ta faɗi da kamar rabin yatsa. Na zauna ina kallonsu. Na ce to bari in sake na kusa da su don kada bambancin ya fito. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Ɗanlami ya shigo, ya riga ya sayar da kwali guda a rumfunan Sabo, ya tarar da ni a kan takarda ta tara.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna lillahi. Malam, a Badun ma?"

Na ce, "Ba zan kai wa manyan mutane aiki da sawun takalmi ba."

Ya ce, "Tsohon da ka ba ni labari a Tegina, shi ma jira zai yi ka gama?" Ya sunkuya ya tattara takardun, tsofaffi da sababbi, ya cusa a gafaka ya rataya a kafaɗarsa. "Gobe da jibi ba aiki. Wannan tana wurina har Litinin, ni zan kai ka da ƙafata. In kana so ka kai ƙarata wurin Alhaji." Na kai ƙarar. Alhaji Mudi ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tela ya yi daidai. Kwana biyun nan na yi su ina zagaya tsakar gida hannuna ba komai.

Ran Litinin muka je. Bene ne hawa uku, da mai gadi, da fom da za a cike: suna, wanda ake nema, dalilin zuwa. A gida sallama kake yi a ce ka shigo, can sai ka rubuta sallamar a takarda ka zauna a benci. Na rubuta sunan jami'in da ya zo garinmu. Mai karɓar baƙi ta ce ya bar aiki shekara biyu da suka wuce. Muka jira har kusan azahar, sannan aka kai mu wurin wata mata mai tabarau, ta manyanta, Bayarabiya ce amma haihuwar Sabon Garin Zariya, Hausarta ras. Madam suke ce mata.

Ta karanta fom ɗin ta ɗago kai ta ce, "Malam Isyaku na littafin noma? Wallahi mun ɗauka ka rasu."

Ta sa aka ɗauko fayil, ta buɗe, ga wasiƙuna uku da hannuna. Ta karanta su a fili. Ta farko, damina ce ta hana. Ta biyu, saura gyara kaɗan. Ta uku, saura gyara kaɗan.

Na buɗe gafaka na ajiye takardun a gabanta. Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata, ta kai su kusa da taga. Ta ce, "Da hannu ka yi wannan? Ba ko ɗigo?" Na ce sau huɗu na kwafe shi kafin ya zama haka. Na faɗa da alfahari, ban ɓoye ba. Sai ta cire tabarau ta ajiye, ta jawo wani tulin takardu daga gefe ta tura gabana. Bugun tafireta ne, amma ko'ina jan biro: an soke layi, an ja kibiya, an yanko takarda an manna a kan wata. Ban taɓa ganin ƙazantar rubutu irin wannan ba.

Ta ce, "Wannan na wani babban malamin jami'a ne, wata mai zuwa zai shiga inji. Haka muke yi wa kowa. Naka ma mai tafireta za a fara ba, ya buga, sannan in hau shi da jan biro. Babu mai karatun da zai ga rubutun hannunka, Malam. Da littattafan 'yan makarantar nan huɗu ka aiko mana a shekarar farko, da gogensu da komai, da sun ishe mu."

Ba wanda ya taɓa gaya mini haka, amma ni ma ban taɓa tambaya ba, kuma a zaune a kujerar nan na gane dalilin da ya sa ban tambaya ba. Muddin ina kwafa, ba wanda zai karanta ya ce ɗan aji bakwai ya yi kuskure.

Ta ci gaba ta ce takarda ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, an rufe sashen Hausa, littattafan jarrabawa kaɗai suke bugawa yanzu. In na bar shi za ta kai gaban kwamiti, kwamiti ya aika wa mai dubawa a Arewa, ya dawo, a jira kuɗin takarda. Shekara biyu ko uku, kuma ba alkawari. Sai na gaya mata maganar Baffa da idonsa. Ta tambayi shekarunsa, na faɗa. Ta jera takardun da kanta ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Ɗauki kayanka, Malam. Ba korarka nake ba, aikin nan yana da kyau. Mu muna da jinkiri, ban musa ba. Amma namu shekara biyu ne, naka shida. Tsohon nan ba shi da biyun da zai ba mu."

A kan matakala Ɗanlami ya buɗe baki, na ce ya rufe. Ya rufe har bakin titi, sannan ya ce, "Mai injina sunansa Malam Uba." Na ce na ji.

Dawowa ba zan tsawaita ba, hanya ita ce dai, jira shi ne dai. A Jebba ba wanda ya kula mu. Ban wuce gida ba, na sauka a Bacirawa gidan Ɗanlami, da gari ya waye muka nufi Fagge. Shagon Malam Uba bai fi zaurenmu girma ba, inji na ƙara, ƙasa duk tawada, masu tafireta biyu a lungu. Na ba shi abin da ya rage na kuɗin rago. Ya zaro takardun, ya lashi yatsa, ya ɗauki biro ya bi kusurwar kowace yana sa lamba, ɗaya, biyu, uku, a kan idona, a kan farar takardar da na yi shekara shida ina tsarewa. Sai da na fita waje na sha iska. Da na dawo ya riga ya raba su biyu ya miƙa wa masu bugawa.

Na ce dole in duba kowane shafi kafin ya shiga inji. Ɗanlami ya raɗa masa wani abu a kunne. Malam Uba ya ce, "Za ka duba na farko, sau ɗaya, a nan, a tsaye." Bayan kwana biyu na duba shafi goma sha shida a tsaye, na sami kuskure tara. Ya ce wanne ne zai sa manomi ya yi asara? Na ce ɗaya, inda kwana bakwai ya zama goma sha bakwai. Ya gyara wannan, ya gyara wasu huɗu don na matsa, ya ce sauran sai bugu na biyu. Da la'asar ya miƙo mini babbar takarda guda, shafi takwas a kowace fuska, ba a naɗe ba, ba a yanke ba, tawadar ba ta gama bushewa ba. Ya ce sauran littafin Juma'a biyu, Ɗanlami ne zai duba, ni kuma kada ya sake ganin ƙafata a Fagge kafin ranar.

Na iso gida da hantsi, an yi ruwan farko, mutane duk suna gona. Ban shiga ɗakina ba, wurin Baffa na wuce. Bayan gaisuwa na ce, "Baffa, akwai maganar da zan faɗa. Ba kamfani ne ya yi jinkiri ba, ni ne."

Ya ce, "Na sani. Wa zai riƙa aiken sayen takarda duk rani in littafi yana Badun? Me ka zo da shi?"

Na shimfiɗa masa takardar a hannu. Ya tashi da ƙyar ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta, ya karkata kai. Na kama yatsansa na ɗora a shafin farko, inda aka sa sunansa da manyan baƙaƙe. Ya bi su ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi, har ya kai ƙarshe, ya sake komawa farko. Sannan ya gangara da yatsan zuwa ƙananan layuka, ya daɗe a nan.

Ya ce, "Sunan na gan shi. Waɗannan kuwa sai dai duhu-duhu a jere, kamar kunyoyi in ka hango su daga nesa. Bara da na karanta su."

Ya koma ya zauna a kan buzunsa, takardar tana kan gwiwarsa, bai sake ta ba.

Ya ce, "Sauran yaushe?"

Na ce, "Juma'a biyu, Baffa."

"Juma'arka ko ta mai inji?"

"Ta mai inji."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Zauna ka karanta mini wannan, a hankali, in ji ko abin da na faɗa ka rubuta."